Rumbun da Aka Garƙame da Wanda Aka Bari a Buɗe

Saƙonnin WhatsApp da ke cikin wayoyinmu da lambobin mutanen da muka ajiye ba a watse suke ba. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna SQLite da ke jera su, ta kuma zaƙulo mana wanda muke nema cikin ƙiftawar ido. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya rubuta ta a 2000, ya sake ta ga duniya bai riƙe haƙƙin mallaka ba. Manyan bankuna da yawa kuwa, lissafin kuɗin jama'a suna ajiye shi ne a rumbun bayanai na Oracle ko na IBM, wanda ake biya da tsada, kuma ba a yarda kowa ya leƙa yadda aka gina shi ba. Kullum muna hulɗa da gidajen nan biyu ba mu sani ba, alhali sun fi shekara talatin suna kokawa.

Abin mamaki, uwarsu ɗaya. A 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, da ke aiki da IBM a Kalifoniya, ya wallafa wata maƙala. Shawararsa ita ce a riƙa zuba bayanai cikin jadawali, kamar ɗan kasuwar da ke da littafin sunayen abokan ciniki daban, littafin bashi daban, lamba ɗaya ce ke haɗa su. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanya da kanta. IBM tana da wani tsohon tsari, IMS, da ke kawo mata kuɗi, don haka ba ta yi gaggawa ba. Masu bincikenta dai sun ƙirƙiro harshen tambayar da ya zama SQL, suka kuma bayyana aikinsu a mujallun ilimi. Larry Ellison ya karanta. Shi da Bob Miner da Ed Oates suka kafa kamfani a 1977, a 1979 suka fito da Oracle, suka riga IBM kai irin wannan haja kasuwa. Fitowar farko ma lamba ta biyu suka sa mata, don sun san mai saye yana tsoron zama zakaran gwajin dafi.

A daidai wannan lokacin, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Stonebraker da Eugene Wong suna gina nasu, Ingres. Duk jami'ar da ta biya ɗan kuɗi kaɗan sai a aika mata da shi a faifai, har da ainihin rubutun da aka gina shi da shi, ta karanta, ta gyara. Ingres yana da nasa harshen, QUEL, wanda masana da dama suke ganin ya fi SQL tsari. Amma ƙarfin IBM da zafin tallan Oracle sun rinjaye shi, aka tabbatar da SQL a matsayin ma'auni a 1986. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙware a aikin Ingres, Robert Epstein, yana cikin waɗanda suka kafa Sybase, kuma daga Sybase ne Microsoft ta samo SQL Server a 1989. Wato ilimin da aka raba a jami'a shi ne ya zama jarin waɗanda suka sa wa ƙofa kwaɗo.

Kada mu yi wa masu kwaɗon rashin adalci. Hajarsu tana aiki, kuma manajan bankin da rumbunsa ya tsaya ƙarfe biyun dare yana bukatar wanda zai kira, wanda kuma zai ɗora wa laifi. Sai dai farashin ba kuɗin lasisi kaɗai ba ne. A jerin farashin Oracle, babban samfurinta yana kan dala 47,500 ga kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan kashi 22 cikin ɗari na wannan kuɗin duk shekara don kulawa. Idan kamfani ya shekara goma yana rubuta ayyukansa da yaren da Oracle kaɗai ke ji, tashi ya fi zama tsada. Akwai kuma wani sharaɗi da ya samo asali daga farkon shekarun 1980, lokacin da David DeWitt na Jami'ar Wisconsin ya auna saurin rumbuna daban-daban, sakamakon bai yi wa Oracle daɗi ba. Daga nan lasisinta ya hana mai saye wallafa irin wannan gwaji sai da izini, wasu kamfanoni suka kwaikwaya. Har yau da sunan DeWitt ake kiran sharaɗin. A ganinmu wannan ya fi tsadar muni: ka sayi doki, a hana ka faɗa wa maƙwabci ko yana gudu.

Intanet ce ta sauya lissafin. A 1995 Michael Widenius, ɗan Finlan da aka fi sani da Monty, tare da David Axmark da Allan Larsson na Suwidin, suka fito da MySQL. Sunan 'yarsa My ya sa mata. Ɗalibin da ke son buɗe shafi ba shi da dubban daloli, ga kuma MySQL kyauta, tana da sauri, a 'yan mintuna an girka ta. Manya suka yi mata dariya, kuma suna da hujja. A farko ba ta da tabbacin nan da ke sa aiki ya kammala gaba ɗaya ko ya koma yadda yake. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a asusu bai isa ga wanda ya tura wa ba, ya san darajar wannan tabbaci. Amma masu shafukan intanet ba banki suke gudanarwa ba. Wikipedia da Facebook da YouTube duk a kanta suka taso. Kamfanin MySQL yana samun kuɗi ne ta lasisi biyu: kyauta ga wanda zai bar nasa aikin a buɗe, biya ga wanda zai saka ta cikin hajar da zai rufe.

A nan ne rauninta yake. Tunda kamfani ɗaya ne ke riƙe da haƙƙin, ana iya sayen kamfanin. A 2005 Oracle ta sayi Innobase, ƙaramin kamfanin Finlan da ya samar wa MySQL injin da ya ba ta wancan tabbacin. A 2008 Sun Microsystems ta sayi MySQL kan kimanin dala biliyan 1. A watan Afrilun 2009 Oracle ta sanar za ta haɗiye Sun ɗin kanta kan dala biliyan 7.4. Hukumar Tarayyar Turai ta tsayar da cinikin tana bincike, Monty ya yi ta gangamin a hana, amma a Janairun 2010 aka amince. Abin da ya rage masa shi ne abin da lasisin ya ba kowa: ya kwashi rubutun ya ci gaba da shi da sabon suna, MariaDB, sunan wata 'yarsa, Maria. Wikipedia ta koma can a 2013. Oracle ba ta kashe MySQL ba kamar yadda aka yi tsoro, ta ci gaba da inganta ta, sai dai akalar tana hannun wanda aka tashi yi wa kishiya.

PostgreSQL ba a iya yi mata haka ba. Jikar Ingres ce: Stonebraker ya fara Postgres a 1986, ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka koya mata SQL, a 1996 ta samu sunanta na yanzu. Masu aikin sa-kai da ma'aikatan kamfanoni daban-daban ne ke kula da ita, babu wani ofishi guda da za a je a taya. Ta daɗe ana yi mata kallon mai nauyin jiki, kamar giwar da ke tambarinta, amma a ƙuri'ar da Stack Overflow ta yi wa masu rubuta manhaja a 2023 ita ce ta zo ta ɗaya. Mu ma tana kusa da mu fiye da yadda muke zato. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ma'aikatun lafiya a Najeriya da Nijar da Gana ke tattara alƙaluman asibitoci da rigakafi da ita, a kan PostgreSQL take zaune. Ga ma'aikatar da kasafinta da naira ko sefa yake, lasisin da ba a biya da dala ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai ga ɗan kokawa na uku ya shigo fage. Amazon ta fara ba da hayar MySQL ta intanet a 2009, daga baya ta ƙara PostgreSQL: ita ke girkawa, ita ke gadi, kai ka biya kuɗin wata. A Oktoban 2019 ta sanar cewa sashen cinikinta ya kashe rumbun Oracle na ƙarshe, bayan ta kwashe bayanai daga kusan guda 7,500. Wannan ya yi kama da nasarar buɗaɗɗiyar manhaja, amma ƙananan kamfanonin da suka yi noman sun ga wani ne ke kai amfanin kasuwa. MongoDB ta tsaurara lasisinta a 2018, Elastic a 2021, Redis a Maris ɗin 2024. Cikin 'yan kwanaki masu amfani da Redis suka yi abin da Monty ya yi, suka ɓalle da Valkey ƙarƙashin Gidauniyar Linux, kuma cikin masu ɗaukar nauyin wannan reshe na 'yanci har da Amazon, da Google, da Oracle kanta. A Mayun 2025 Redis ta dawo da buɗaɗɗen lasisi, ta tarar Valkey ta riga ta kafa nata gidan.