Masaukin Baƙo a Birnin Kano, Da da Yanzu

Wanda ya shiga mota a Kwanar Ɗangora da asuba, ko daga Kiru ya fito, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko can Doguwa bayan dajin Falgore, tun kafin azahar ya isa Kano. Da saukarsa tasha kuwa sai tambaya ta tare shi, ita ce wadda ta tare kakansa sa'ad da ya ke shiga da jakuna: a wace unguwa zan sauka? Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Bari mu duba yadda mutanen da suka warware wannan matsala, gama akwai abin koyi a ciki.

A zamanin da Kano tana kewaye da ganuwa wadda ta fi mil goma, kuma a kan rufe ƙofofinta da faɗuwar rana. Mutumin Bebeji ya kan kwana a hanya, sa'an nan ya shiga ta ɗaya daga ƙofofin kudu, kamar Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Ɗan Agundi. In ya makara sai ya kwana a bayan ganuwa. In ya shiga kuwa, ba zai sami gidan haya na kwana ɗaya irin na yau ba. Tilas ya san sunan mutumin da zai yi wa sallama, da unguwar da mutumin ya ke.

Sunayen unguwannin birni da kansu suna ba da wannan labari. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, kuma Madabo ta zama wurin malamansu. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano, har aka sami unguwar Sharifai. Mutanen Barno suka zauna Zangon Barebari, mutanen Nupe suka zauna Tudun Nufawa, na Agadas suka zauna Agadasawa, Yarabawa kuma suka zauna Ayagi. Larabawan Gadamas da Tarabulus suka kama wajen Dala da Dandalin Turawa, domin kafin zuwan Nasara Larabawa a ke kira Turawa. Alfindiki ma daga Larabci sunanta ya fito, ma'anarsa masaukin fatake. Buzaye masu kawo gishirin Bilma kuwa, da ya ke raƙuma suna bukatar fili, sai su kan sauke kaya a Fagge, bayan ganuwa.

Ka ga ke nan kowane baƙo wajen danginsa ya ke nufa, inda a ke jin harshensa, a ke dafa irin abincinsa. Ko Barth, Bajamushen nan matafiyi wanda ya zo Kano cikin 1851, a Dala ya sauka, kusa da Larabawan da ya zo da takardunsu. Shi ne ya kimanta mazaunan birnin da mutum 30,000, ya ce kuma da rani, lokacin da ayari ke shigowa, su kan kai 60,000. Watau a wannan lokaci rabin mutanen da ke cikin gari baƙi ne, kowannensu kuma yana da gidan da ya ke kwana.

Mai saukar da fatake shi a ke kira fatoma, waɗansu kuma su ce maigida kawai. Aikinsa ya wuce ba da ɗaki da tuwon dare. Shi ke ajiye kayan baƙo, shi ke nemo dillali, shi ke gaya masa farashin gaskiya na ranar. In mai saye ya ce sai bayan kwana goma zai biya, fatoma ne ya san ko mutumin mai cika alkawari ne, shi ne kuma zai tsaya ya lamunce. In rigima ta kai gaban alƙali, shi zai raka baƙonsa. Ladansa la'ada ce daga cikin ciniki, saboda haka ribar baƙo ribarsa ce, in kuwa ya cuci baƙo ɗaya labari ya kan bi ayari har garinsu, baɗi ba mai sauka gidansa. Wannan shi ne ma'anar karin maganar nan, da ɗan gari a kan ci gari. Da Hausawa suka bazu kudu, wannan tsari suka tafi da shi, shi ne ya rayar da zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan.

Mutumin ƙauye wanda ƙara ko maganar gona ta kawo shi, shi kuma hanyarsa dabam ce. Kafin zuwan Turawa yawancin hakimai a birni su ke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka karɓar haraji. Saboda haka mai ƙara ya kan nufi gidan hakimin da ke riƙe da garinsu, ya kwana a zaure, da safe a yi masa iso. Almajiri kuwa gidan malaminsa ya ke nema. Wajen 1908 aka umarci hakimai su koma su zauna a gundumominsu, amma al'adar sauka gidan ubangida ta daɗe ba ta mutu ba.

Ƙasarmu ta kudancin Kano tana da babban misali a wannan sha'ani. Bebeji tana kan hanyar fatake ta Zazzau da Gwanja, Clapperton Bature ma ya bi ta cikinta cikin 1826. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro. Ya yi shekaru yana baƙunci a garuruwan Gwanja da Ankara, yana sauka gidajen masu gida irin waɗanda muka ambata. Da ya komo Kano ya zauna a wajen Sarari da Koki, unguwannin 'yan kasuwa, ba nisa da Kurmi. Kafin rasuwarsa cikin 1955 gidansa ya zama masaukin dubban mutane. Baƙon jiya ya zama maigida.

Turawa suka ci Bebeji a kan hanyarsu, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka yi tasha a Ɗangora, tafiyar da a ke kwana a kanta ta koma ta 'yan sa'o'i. Jirgi ya kawo baƙi irin waɗanda birni bai saba da su ba: akawuna da leburori da masu sana'a daga kudu, yawancinsu Kirista. Cikin 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, aka ware shi daga hukuncin Sarki har zuwa 1940. Turawa suka zauna wajen Nasarawa, Kwarori suka kafa kantunansu kusa da tashar jirgi, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Fagge ta cika da 'yan cirani da masu sayar da gyaɗa. A waɗannan sababbin unguwanni ne aka fara samun otal, inda mutum zai biya kuɗi ya kwana ba wanda ya tambayi sunan ubansa.

Wannan sauƙi ne, amma yana da aibinsa. Mai otal ba ya lamunce maka bashi, ba ya raka ka gaban alƙali, ba ya kuma sanin ranar da ba ka komo ba. Ranar tashin hankali ne a kan gane bambancin. Cikin Mayu 1953 faɗa ya ɓarke a tsakanin Fagge da Sabon Gari, gwamnati ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu. Cikin 1966 abin ya fi haka muni ƙwarai, sa'an nan cikin Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya cinye unguwar 'Yan Awaki. A irin waɗannan ranaku an sami masu gida waɗanda suka ɓoye baƙinsu har ƙura ta lafa, baƙon da ba shi da kowa kuwa shi ya fi shiga haɗari.

Yau Kano ta tumbatsa bayan ganuwa ta kowane gefe, mutanenta sun kai miliyoyi, tafiya daga wannan gefe zuwa wancan kuma ta kan ci sa'a guda ko fiye in hanya ta cushe. Saboda haka dabarar fatake ta sauka kusa da abin da ya kawo ka tana nan da amfaninta. Mai shigowa daga Ɗangora ta hanyar Zariya zai fara tarar da Na'ibawa da Unguwa Uku. Wanda ya kawo majinyaci Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, nan gefen ya dace da shi. Mai zuwa Asibitin Murtala ya nemi wajen Ƙofar Mata. Mai sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, Fagge ta fi masa kusa. Mai kai masara ko waken soya Kasuwar Dawanau kuwa, in ya kwana Unguwa Uku sai ya ratsa gari duka da safe, gama Dawanau tana can kan hanyar Katsina.

To, ɗan'uwa mai karatu, kai da ka iya rubutu yanzu kana da abin da kakanka ba shi da shi. Kafin ka tashi, tambayi waɗanda suka riga ka zuwa, gama matambayi ba ya ɓata. Rubuta sunan unguwa, da sunan mutumin da zai karɓe ka, da lambar wayarsa, ka bar irin wannan takarda a gida wajen iyalinka. Ka yi ƙoƙari ka isa da sauran rana, kamar dai har yanzu a na rufe ƙofa da magariba. In otal za ka kwana, ka nemi wani ɗan garinku mazaunin unguwar ka gaishe shi, ya san kana nan. Kada kuma ka tafi hannu sake, ko da ƙwaryar shinkafar Tudun Wada ce ka riƙa wa maigidanka, domin gobe ma ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa.