Tarihin Sallamar Fursuna Da Komawarsa Cikin Jama'a A Nijeriya Ta Arewa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin shari'a a ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda ake kama mai laifi, da yadda ake gurfanar da shi gaban alƙali, da irin hukuncin da ake yanke masa. Amma ba kasafai sukan bi shi har zuwa ranar da aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi gida ba. Manufar wannan 'yar takarda ita ce ta duba wannan rana da abin da ke biyo bayanta, wato wane ne yake karɓar mutumin da ya gama wa'adinsa, kuma wane ne ya riƙe iyalinsa a lokacin da ba ya nan. Za a tsaya a kan Nijeriya ta Arewa, tun daga zamanin sarakuna kafin zuwan Turawa har zuwa 2023, sai dai za a ɗan leƙa Ingila, domin daga can aka kwaso tsarin da muke kai. Abin da nake son in nuna shi ne, galibin sauye-sauyen da aka yi wa gidan yari sun ƙara nisanta ɗaurarre da danginsa ne, alhali kuwa dangin nan su suka ci gaba da ɗaukar nauyin dawowarsa, ba tare da hukuma ta sa su cikin lissafinta ba.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Usmaniyya suke hukunci da shi, ɗauri ba shi ne ginshiƙin horo ba. Ana tsare mutum don ya jira shari'a, ko don ya biya bashin da yake da halin biya ya ƙi, ko kuwa a matsayin ladabtarwar da alƙali ya ga ta dace. Inda aka ƙayyade wa'adi ma, ba shi da tsawo. Misali, wanda ya yi kisan kai da gangan, magada suka yafe masa, hukuncinsa bulala ɗari ne da ɗaurin shekara guda, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Sauran laifuffuka kuwa haddi da diyya da bulala da kora daga gari su suka fi yawa. Saboda haka matsalar mutumin da ya yi shekara goma ko sha biyar a tsare, ya fito ya tarar garin ya sake masa, ba ta cikin matsalolin da shari'ar wancan zamani ta saba haifarwa.

Wannan ba yana nufin kurkukun sarakuna wurin hutu ba ne. A Kano akwai Gidan Ma'ajin Watari, inda ake tsare masu laifi, kuma iyayengiji sukan kai bayinsu da suka kangare don a hore su. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya rubuta bayani mai tayar da hankali game da ƙuncin kurkukun birnin da yawan mutanen da ake cusawa ciki. Ko da yake mai nazari zai yi hattara da wannan bayani, tun da marubucinsa yana neman hujjar yaƙin da ya yi ne, ba mu da dalilin cewa ƙage ne. Bawan da aka saka daga irin wannan wuri ba cikin jama'a ya koma ba, hannun wanda ya kai shi ya koma.

Duk da haka akwai abu biyu da suka shafi batunmu. Na farko, kurkukun a cikin gari yake, kusa da fada, abincin ɗaurarre kuwa galibi daga gidansu yake zuwa ko daga sadaka. Ke nan igiyar da ke tsakaninsa da danginsa ba ta tsinke ba, ko da kuwa wahala ce ta riƙe ta. Na biyu, sakinsa yakan rataya ne a kan wani ya tsaya masa, ɗan'uwa ya biya bashin, ko ubangida ya yi lamuni, ko wani mai faɗa a ji ya roƙi arziki. Wanda ya tsaya wa mutum a gaban alƙali, shi zai tasa shi gaba zuwa gida, kuma mutuncinsa ya ɗamfaru da halin da mutumin zai nuna daga baya. Wato sallama da karɓa abu guda ne.

3.0 Zamanin En'e

Turawa sun hana yanke hannu da makamantansa, sai ɗauri mai wa'adi ya maye gurbinsu, daga wata uku zuwa shekaru masu yawa. Nan ne aka sami wani sabon mutum a cikin al'umma, wato "tsohon fursuna", wanda kalmar kanta ma aro ce daga Turanci. An bar wa sarakuna gidajen yarinsu a ƙarƙashin En'e, Yari da gandirobobinsa suka zama masu albashi daga baitulmali, gwamnati kuma ta gina nata a wurare irin su Lakwaja da Kaduna da Jos. Dokar Gidajen Yari ta 1916 ta tsara al'amarin bayan haɗe Kudu da Arewa. Abin da hukuma ta fi so daga fursuna a wannan zamani shi ne ƙarfinsa: gyaran hanya, da sharar gari, da ɗiban ruwa, da noma. Fursunan En'e yana da wani rangwame wanda ba a shirya shi don shi ba, domin a garinsu ko kusa da garinsu yake aikin, danginsa suna ganinsa. Sai dai ganin nan kaifi biyu ne da shi, domin duk unguwa ta gan shi da gajeren wando yana shara a bainar jama'a, kuma ba ta mantawa.

A Ingila kuwa tun tuni aka fara tunanin abin da zai sami mutum bayan sallama. A 1862 majalisarsu ta yi dokar da ta amince da ƙungiyoyin taimakon sallamammun fursunoni, ta kuma yarda a kashe wa kowane mutum abin da bai wuce fam biyu ba. A 1895 Kwamitin Gladstone ya ce gyaran hali yana cikin manufofin ɗauri, a 1907 kuma aka yi dokar sa ido a kan mai laifi a waje maimakon ɗaure shi. Abin lura shi ne irin mutumin da aka yi wa wannan tsari. Lebura ne na babban birnin masana'antu, wanda ya bar ƙauyensu da daɗewa, ba shi da gona, ba shi da gandu, bukatarsa kuɗin jirgi da tufafi da ɗakin kwana da wasiƙar neman aiki. Ƙungiya ta zame masa dangi ne saboda ba shi da dangi a kusa.

Wannan tunani bai iso nan sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da R. H. Dolan ya zama Darektan Gidajen Yari a 1946. A zamaninsa aka buɗe makarantar horar da ma'aikata a Inugu a 1947, aka ƙarfafa koyar da sana'o'i, aka shigo da malaman addini, aka tsara ziyarar dangi, aka kuma fito da tsarin biyan fursuna ɗan lada a kan aikinsa don ya sami abin riƙewa in ya fita. A 1953 aka kafa sansanin Kakuri kusa da Kaduna, inda fursunoni suke zaman talala suna noma da sana'a. Aiki ne na kirki, amma bakin ikon Darekta gidajen gwamnati ne, alhali yawancin ɗaurarrun Arewa suna hannun En'e. Bugu da ƙari, an kwafo rigar ne a kan awon mutumin Ingila. An yi tanadin guduma da zarto ga mai fita, ba a yi tanadin komai ba ga matar da ya bari da 'ya'ya huɗu.

A nan ya kamata a yi ɗan tsokaci. Daga 1950 da aka kafa jam'iyyar NEPU, gidajen yarin En'e sun cika da 'yan adawa, har da mata irin su Hajiya Gambo Sawaba wadda aka ɗaure sau da yawa. Waɗannan in sun fito magoya bayansu tarbarsu suke yi da waƙa da guɗa, ɗaurin ma ƙara musu daraja yake yi. Haka nan Janar Obasanjo ya fito daga kurkukun Yola a 1998, ya zama shugaban ƙasa a 1999. Wannan yana nuna cewa tabon ba a ginin yake ba, yana ga hukuncin da jama'a suka yanke wa mutum a zukatansu, wanda ba shi da wa'adi.

4.0 Daga 1968

Amfani da gidajen yarin En'e wajen musguna wa abokan hamayya yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bisa rahoton Kwamitin Gobir, ta karɓe su ta mayar da su hannun Tarayya daga 1 ga Afrilu 1968. Dokar Soja mai lamba 9 ta 1972 ta tabbatar da wannan tsari. An sami daidaito wajen horar da ma'aikata da ƙa'idojin aiki, kuma an raba mai mulkin gari da makullin kurkuku, wanda ba ƙaramin alheri ba ne. Amma daga ranar nan ana iya ɗauke mutum daga lardinsu a kai shi wata jiha mai nisa, kuma mai unguwa da dagaci, waɗanda suka san gidansa da gonarsa, ba su da sauran hannu a cikin lamarinsa.

To, ina iyali a duk cikin wannan? A shari'ar Musulunci ciyar da mace ba ya faɗuwa daga kan miji don an ɗaure shi. In yana da dukiya a ciyar da ita daga ciki, in babu, kuma ba wanda ya ɗauki nauyin, tana da ikon kai ƙara, alƙali ya ɗibar wa mijin lokaci, in abin ya faskara ya raba auren. Ke nan auren ɗaurarre ya rataya ne a kan ko wansa ko ƙanensa zai iya auna wa gidansa hatsi. Kafin a kai ga haka ma, sau da yawa an riga an jinginar da gona ko an sayar da dabbobi wajen neman beli da ɗaukar lauya. Yara sukan watsu a gidajen kawunnai da gwaggwanni, wasu su bar makaranta. Matar takan shiga dakau ko wankau ko ta ɗora wa yara talla. In mai gidan ya dawo, rumfarsa ta kasuwa ta zama ta wani, masu ba shi kaya bashi sun janye, ran da aka zo neman auren 'yarsa kuma, masu bincike za su ji labari. Duk wannan nauyi gandu ne yake ɗaukarsa a da, gandun kuwa ya yi rauni a karkara, a birni ma kusan babu shi. A ganina wannan shi ne babban giɓin da ke cikin tarihin nan, domin hukuma ta karɓe ikon ɗaurewa gaba ɗaya, ta bar wa dangi aikin karɓa, a daidai lokacin da ƙarfinsu yake raguwa.

Akwai kuma waɗanda tsarin sallama bai san da su ba sam, wato masu jiran shari'a, waɗanda a shekarun baya-bayan nan suka kai kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare. Shirye-shiryen koyon sana'a an gina su ne a kan wanda aka yanke wa hukunci. Mai jiran shari'a yana iya yin shekaru, ran nan kotu ta sallame shi ba laifi, ya fito da irin asarar da mai laifi ya yi, kuma a idon unguwa duk ɗaya ne.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta soke ta 1972, ta mayar da sunan gidajen yari gidajen gyaran hali. Ta kafa sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin gayya ga al'umma, da saki bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Sashe na 14 ya tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya cancanta, ya kuma hana a nuna wa mai ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Sulhun nan shi ya fi kusa da abin da muka gani a farkon takardar nan, domin ba ya yiwuwa sai an zaunar da dangi da masu unguwa.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, abin da ya buɗe ƙofar da aka rufe a 1968, da alherinta da haɗarinta. A watan Nuwamba na shekarar kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da sanarwar sakin mutum 4,068 waɗanda rashin kuɗin biyan tara ya zaunar da su, da Naira miliyan 585 da aka tara daga masu hannu da shuni da kamfanoni. An ba kowannensu Naira dubu goma ya koma gida. Wanda ya tuna fam biyun nan na 1862 zai ga cewa awon bai sake ba, kuɗin mota ne na mutum ɗaya zuwa tashar garinsu.