Rigimar Ankara Da Ta Iso Har Abuja

Mu da iyayenmu suka baro Maraɗi suka zauna fatauci a Keffi, mun san baƙo bai cika rabuwa da gwamnatin ƙasarsa ba. Shi ya sa yau nake so mu waiwayi tarihin Turkawan Nijeriya.

Turkiyya ta daɗe tana bin sawun mutanenta. A 1961 ta ƙulla yarjejeniyar tura ma'aikata Jamus. A 1984 aka kafa ƙungiyar DITIB mai kula da masallatansu a can, limamai kuma daga gida ake turo su. A 2010 ta buɗe hukumar Turkawan ƙetare, wato YTB, sannan a 2014 suka fara jefa ƙuri'a daga ƙasashen da suke zaune.

A nan kuwa, sanannun Turkawa su ne malaman makaranta. A 1998 suka buɗe Nigerian Turkish International Colleges a Abuja, daga baya ta yi rassa a Kano, Kaduna da Yobe, a 2009 kuma aka kafa Jami'ar Nile. Shekaru da dama Ankara tana tinƙaho da irin waɗannan makarantu.

To, sai ga yunƙurin juyin mulki na 15 ga Yuli, 2016. Gwamnatin Erdogan ta ɗora laifin a kan Fethullah Gulen, malamin da a lokacin yake zaune a Amurka, shi kuma ya musanta. Cikin watan, jakadan Turkiyya Hakan Cakil ya nemi Nijeriya ta rufe makarantu 17 da ya ce na mabiyan Gulen ne. Nijeriya ba ta rufe ba, sai dai an cire sunan Turkiyya, suka koma Nigerian Tulip. Nijar kuwa ta miƙa makarantun Bedir ga gidauniyar Maarif, wadda Turkiyya ta kafa a 2016. Ko da Erdogan ya zo Abuja a Oktoban 2021, sai da ya sake tayar da maganar. Gulen dai ya rasu a 2024.

Abin lura shi ne, malami yana cikin aji a Kano, amma makomarsa tana hannun gwamnatoci biyu: wadda ta ba shi fasfo da wadda ta ba shi masauki. Na Yamai da na Abuja jirgi ɗaya ya kwaso su, hukuncin mai masauki ne ya raba su. Duk mai zaman baƙunta ya kamata ya riƙe wannan.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin. Sai wani jiƙon.