Idan tsohuwar manhaja ta ƙi buɗe hoton da sabuwa ta ajiye

Manhajar gyaran hoto ita ce kayan aikin da ake sakawa cikin kwamfuta, wadda a nan Nijar aka fi kira ordinatar, domin a yanke hoto, ko a ƙara masa haske, ko a yi rubutu a kansa. Da ita ake shirya bangon littafi, da takardun da ake liƙawa a bango, da katin ƙungiya. Idan an gama aiki ana ajiye shi cikin fayil, wato abin da ma'aikatan ofis suke kira fishiye. Sau da yawa akan shirya aiki a Yamai a kan sabuwar na'ura, a zuba shi cikin kile, a kai maɗaba'a a Maraɗi ko Damagaram, sai na'urar can ta ƙi buɗe shi. Ko kuwa ta buɗe, amma rubutu ya watse, launi ya sake. An yi asarar kuɗin mota, ranar buga aiki kuma ta wuce.

Me yake kawo haka?

Kowace manhaja tana da fitowa iri iri, kamar yadda ake sake buga littafi a yi masa ƙari. Masu ƙera ta sukan ƙara mata dabaru, kuma kowace dabara tana bukatar sabuwar hanyar rubuta ta cikin fayil. Sabuwar fitowa ta san tsohuwar hanya, domin an gina ta a kanta. Tsohuwa kuwa ba ta taɓa ganin sabuwar ba. Mu ɗauki misalin wanda ya koyi baƙaƙen Faransanci kaɗai, aka miƙa masa takardar Hausa: idan ya iso kan ƙ ko ɗ, ko dai ya tsaya, ko ya karanta su k da d, ma'ana ta ɓaci. Haka tsohuwar manhaja take yi. Wani lokaci ta tsaya cak, wani lokaci ta tsallake abin da ba ta sani ba.

Mu lura kuma, fayil ɗin hoto iri biyu ne. Akwai na aiki, akwai na rabawa. Ana gane su da haruffan da suke ƙarshen suna, bayan ɗigo. Fayil na aiki yana riƙe da hoto a falle falle, kamar ledoji masu shara-shara da aka ɗora wata bisa wata: falle guda na hoton mutum, wani na rubutu, wani na launin baya. Ana iya gyara kowane falle ba tare da an taɓa saura ba. Fayil na rabawa kuwa an manne fallayen sun zama guda. Yawancin rigimar tana wajen na aiki ne.

Photoshop

Kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da Photoshop a 1990, fayil ɗinta na aiki kuma shi ne PSD. Tsarin fallaye ya shigo a 1994, cikin fitowa ta 3. Tsohuwar Photoshop takan buɗe PSD na sabuwa, sai dai tana yin gargaɗi cewa akwai abubuwan da ba ta gane ba, kuma za ta zubar da su. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta. Lokacin ajiya takan tambaya ko a ƙara wa fayil dacewa da sauran fitowa. A na'urar Faransanci an rubuta Maximiser la compatibilité. Wanda ya amince, ana saka masa hoto guda manne cikin fayil ɗin, tare da fallayen, yadda ko an kasa karanta wani falle za a ga aikin kamar yadda ya fito. Fayil yana ƙara nauyi, shi ya sa wasu suke kashe wannan zaɓi domin kile ya ɗauke musu aiki da yawa. A ganina wannan rowa ce marar riba.

PSD ba ya wuce ɗigo 30,000 a tsawo ko a faɗi, ba ya kuma wuce jiga 2 a nauyi. Domin manyan ayyuka aka kawo PSB a 2003, mai ɗaukar ɗigo har 300,000. Duk Photoshop da ta girmi wannan shekara ba ta buɗe shi sam.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin fitowa ba su ɓace ba. CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe da aka sayar sau ɗaya a mallaka. Daga 2013 Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata wata ko shekara shekara. Mai ƙaramin shago, wanda na'urarsa ta tsufa, intanet kuma yana masa tsada, yakan zauna da abin da yake hannunsa. Ba laifinsa ba ne, saboda haka mai kawo aiki shi ya kamata ya daidaita.

GIMP da CorelDRAW

GIMP kyauta ce, kowa yana iya saukar da ita. Ta fara fitowa a 1996, fayil ɗinta na aiki XCF. Ita ta fi tsanani: idan ba ta gane lambar fayil ba, ba ta buɗe shi ko kaɗan. Fitowa ta 2.8, a 2012, ta kawo haɗa fallaye rukuni rukuni, kuma fayil mai irin wannan rukuni ba ya buɗuwa a 2.6. Ta 2.10, a 2018, ta kawo sababbin hanyoyin gauraya launi da na matse fayil, waɗanda 2.8 ba ta sani ba. Kirkinta shi ne tana gaya wa mai aiki, a wurin ajiya, cewa tsofaffin fitowa ba za su karanta wannan fayil ba, har ta nuna dalili. Ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025. Tun daga 2.8 kuma an raba ajiya da fitarwa: ajiya tana ba da XCF kaɗai, mai son JPEG ko PNG sai ya bi ta Exporter.

CorelDRAW ta ƙasar Kanada, wadda masu buga katin biki da alluna suke yawan aiki da ita, fayil ɗinta CDR ne. Tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa, amma a wurin ajiya akwai gurbin da ake zaɓen fitowar da ake so.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Fayil na aiki yakan riƙe sunan salon rubutun da aka yi amfani da shi ne kawai, ba ya ɗauke da salon kansa. Idan na'urar maɗaba'a ba ta da shi, sai ta sa wani a madadinsa, kuma ba kowane salo yake da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Sai a ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Tsarin Unicode ya ba waɗannan baƙaƙe lambobinsu tun 1991, amma tsofaffin littattafai da yawa an shirya su da salo na musamman da aka ɗora ƙ a kan wurin wata alama daban. Idan salon ya ɓata, rubutun ya rikice. Ga mai koyon karatu wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi. Salon Andika da Charis na ƙungiyar SIL kyauta ne, kuma suna da baƙaƙen duka. Andika ma domin masu fara karatu aka tsara shi. Kafin a kai aiki, a yi kwafi, a mayar da rubutun cikinsa zane, yadda ba ya bukatar salo. Daga nan ba a iya gyara kalma, don haka a adana na asali.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a tashi, a buga waya a tambayi mai maɗaba'a wace manhaja yake da ita, kuma wace fitowa. Sannan a tafi da aiki kashi biyu, na aiki da na rabawa. JPEG, wanda aka tsayar a 1992, kusan kowace na'ura tana buɗe shi, sai dai yana rage kyan hoto duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, saboda haka a yi shi sau ɗaya a ƙarshen aiki. PNG, na 1996, ba ya rage komai, ya kuma dace da zane da rubutu. Domin bugawa a takarda TIFF ko PDF sun fi.

Hoton salula ma yana da tasa. Tun 2017 wayoyin iPhone suna ajiye hoto a HEIC, hotunan intanet da yawa kuma WebP ne, wanda Google ya fitar a 2010 amma Photoshop ba ta fara buɗe shi da kanta ba sai 2022. Irin waɗannan a juya su zuwa JPEG ko PNG tun a na'urar da ta gane su. Goge haruffan ƙarshen suna a rubuta wasu ba juyawa ba ne, abin da yake ciki yana nan yadda yake.

Idan kuwa sabuwar manhaja ce za ta buɗe tsohon aiki, a fara yin kwafinsa, a yi gyara a kan kwafin. Da zarar an ajiye a kan na asali da sababbin dabaru, tsohuwar na'urar da ta shirya shi tana iya kasa buɗe shi.