Leda: Kalmar da Ta Sauya Gida

"Leda" aro ce daga kalmar Ingilishi "leather", wato fatar da aka jeme. Amma da ta shigo bakin Bahaushe ba ta samu gurbi a nan ba, domin muna da fata, muna da ƙirgi, ga majema da ke jima da bagaruwa tun kaka da kakanni. Sai ta koma kan abin da ya yi kama da fata alhali roba ne: shimfiɗar ɗaki, rufin kujerar kushin, daga baya har jakar da ake ƙulla gishiri a kasuwa.

Shi ya sa ya kamata mai sayen kujera ya tambaya da kyau ko ta fata ce ko ta leda. Kujerar leda idan ta tsufa ɓarewa take yi, babu man da zai ceto ta. Ta fata kuwa, kamar tumtum ɗin da dukawa ke ɗinkawa a Kano, tana shan mai. Rana da iskar hunturu ke busar da ita har ta tsattsage. A ɗauke ta daga bakin taga, a goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, a shafa man kaɗanya kaɗan, don idan ya yi yawa launinta duhu yake yi.