Tarihin Fim ɗin Five Graves to Cairo

Five Graves to Cairo fim ne na Amurka da kamfanin Paramount ya fitar a watan Mayun 1943, wanda ya haɗa yaƙi da soyayya da leƙen asiri. Billy Wilder ne ya ba da umarni, kuma shi da Charles Brackett suka rubuta labarin. Tushensa wasan kwaikwayo ne na marubucin ƙasar Hangari, Lajos Bíró, wanda aka riga aka mayar fim da sunan Hotel Imperial a 1927 da 1939. Wilder ya ɗauke labarin daga Turai ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dasa shi a hamadar Masar ta 1942, lokacin da ƙurar Yaƙin Duniya na Biyu ba ta ko lafa ba.

Labarin ya fara ne bayan faɗuwar Tobruk a watan Yunin 1942. Kofur John Bramble na sojojin Birtaniya, wanda Franchot Tone ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ya tsira daga tankar yaƙinsu, ya ja jiki har wani otal da ke bakin iyakar Masar. Kafin ya farfaɗo, Jamusawa sun iso. Sai ya sa tufafin wani ma'aikacin otal ɗin mai suna Davos da bam ya kashe, har da takalminsa mai tudun dunduniya, yana ɗingishi kamar yadda mamacin ke yi. Ashe Davos ɗan leƙen asirin Jamus ne. Ta haka kofur ya sami kansa yana kai wa Rommel, kwamandan sojojin Jamus, abinci, yana kasa kunne.

Sirrin da yake nema shi ne “kaburbura” biyar: rumbunan man fetur da harsasai da ruwa da Rommel, a cewar fim ɗin, ya binne kafin yaƙi, yana fakewa da haƙar kayan tarihi. Kowane rumbu yana daidai ƙarƙashin harafi ɗaya na sunan Masar da Turanci a jikin taswira. Mouche, Bafaranshiya mai aikin ɗakuna, wadda Anne Baxter ta fito a matsayinta, tana jin haushin Ingilishi tun janyewarsu daga Dunkirk, ba ta da buri sai a sako ƙanenta daga hannun Jamus. Duk da haka ita ta ɗauki laifin wani kisa da Bramble ya yi don ya kuɓuta da sirrin, ta kuma rasa ranta.

Rumbunan ƙirƙira ce, amma an gina ta a kan gaskiya mai ɗaci. Ƙarancin mai na cikin manyan abubuwan da suka karya lagon Rommel. Mafi yawan man sai ya ƙetaro Bahar Rum daga Turai, sannan a yi doguwar tafiya da shi a manyan motoci waɗanda su ma man suke sha. Birtaniya na karanta saƙonnin sirrin abokan gaba, tana farautar jiragen ruwansu. A ranar 26 ga Oktoban 1942, ana tsakiyar gumurzun El Alamein, jiragen sama suka lalata jirgin dakon mai Proserpina dab da Tobruk.

Abin da ya fi ɗaga darajar fim ɗin shi ne Erich von Stroheim a matsayin Rommel: mai girman kai, mai basira, wanda ke zaunar da fursunonin hafsoshin Birtaniya a teburinsa yana ba su damar yi masa tambayoyi ashirin. Ba kasafai fim ɗin lokacin yaƙi ke ba maƙiyi irin wannan kwarjini ba. An ɗauki sassan hamada a Kalifoniya da Arizona, kuma fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oscar a rukuni uku, ciki har da ɗaukar hoto na John Seitz, ko da yake bai lashe ko ɗaya ba.