Ciwon Akawu: Daga Alƙalamin Ƙarfe zuwa Linzamin Kwamfuta

Bici gari ne na manoma a kan titin Kano zuwa Katsina, cikin yankin nan da gonaki suka haɗe da juna har babu sauran daji tsakanin ƙauye da ƙauye. Mutanen irin wannan wuri sun san ciwon aiki, sun kuma san inda yake sauka: ƙugun mai noma, kafaɗar mai daka, idon mai ɗinkin hula. Amma tun da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya ta tara ɗalibai a garin, shagunan kwamfuta suka yawaita, sai ga wani ciwo da jama'a ba su cika yarda ciwo ba ne. Mai buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, da mai zana katin ɗaurin aure da fastar 'yan siyasa, da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, duk sukan tashi da yamma wuyan hannun dama yana zugi. In ɗayansu ya koka, amsar da zai ji sananniya ce: mutumin da ya yini a inuwa ƙarƙashin fanka, me ya ɗauka? Wani kuma ya ce sanyi ne, a shafa man zafi.

Wannan ciwo ya girmi kwamfuta da ƙarnoni. A shekarar 1700 wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a birnin Modena kan cututtukan masu sana'a, inda ya bi masu haƙar ma'adinai da majema da ungozomomi ɗaya bayan ɗaya. Da ya sake fitar da littafin a 1713, sai ya ƙara babi a kan marubuta da magatakardai. Ya jingina lalurarsu da abubuwa uku: dogon zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa, da ɗaurewar hankali don tsoron kuskure a littafin ubangida. Ya kawo labarin wani magatakarda da hannunsa na dama ya gaza saboda rubutu, ya koya wa na hagu, ba a daɗe ba shi ma ya bi sahu. Duk wanda ya taɓa ganin mai shagon kwamfuta a makon da ake rufe rajistar jarrabawa zai gane abubuwan nan uku ba tare da an fassara masa ba.

A Ingila abin ya fito fili a ƙarni na 19. Kafin lokacin Turawa da gashin fiffiken dinya suke rubutu, wanda bakinsa kan dakushe da wuri, dole marubuci ya tsaya ya fiƙe shi da wuƙa. Daga shekarun 1820 masana'antun Bamingham suka cika kasuwa da alƙalamin ƙarfe mai araha, wanda ba ya neman fiƙa. A daidai wannan zamani bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da ofisoshin gwamnati suka ninka takardun da ake kwafa da hannu. Akawuna suka fara zuwa wurin likita da yatsu masu ƙagewa da zarar sun kama alƙalami, har likita Samuel Solly ya laƙaba wa abin sunan shanyewar hannun magatakarda a 1864. Likitoci da yawa sun ɗora laifin kan taurin ƙarfen. Ni a ganina babban abin da sabon alƙalamin ya ƙwace shi ne 'yan mintunan nan na fiƙa, hutun da ba wanda ya ɗauke shi hutu sai da ya ɓace.

A nan ne ya kamata mu waiwayi namu marubutan. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka, a tsangayun ƙasar Kano, yakan shafe watanni a kan aiki ɗaya, amma duba yadda aikin yake tafiya. Alƙalaminsa na gamba ne, sai an fiƙe. Bayan 'yan kalmomi sai ya tsoma shi a kurtun tawada. Yana gama baƙaƙe ya dawo da wani alƙalamin ya sa wasula da ja, ya bi hamza da rawaya. Takardar na kan cinyarsa, yana gyara zama a kan buzu yadda ya ga dama, ga almajiri ya zo biya allo, ga kiran salla. Ba na cewa hannunsa ba ya gajiya, kuma kada son tsohon zamani ya sa mu manta cewa aikin ƙarfi irin su daka da niƙa a dutse sun fi kwamfuta cin gaɓɓai. Sai dai sana'ar da kanta tana tilasta masa sauyin motsi. Ko mata a turmi, in aiki ya yi yawa lugude suke yi, kowace taɓarya na samun numfashi kafin ta sake sauka.

Bayan alƙalami sai tangarahu. Masu buga waya sukan danna maɓalli ɗaya sama da ƙasa dubban sau a yini, har hannu ya ƙi bin umarni. A 1908 Birtaniya ta sa ciwonsu cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyya a kansu. Mafita mafi amfani daga cikinsu ta fito: wani Ba'amurke mai buga waya, Horace Martin, ya yi rajistar sabon maɓalli a 1904, wanda ake kaɗawa dama da hagu, yana kuma fitar da jerin ɗigo da kansa. Wato ya sauya wa hannu hanya, ya kuma rage masa yawan bugu. Wannan shi ne zamanin da aikin ofis ya iso mana tare da waya da layin dogo, wanda ya kai Kano a 1911. Kalmar akawu ma a lokacin ta shigo, daga Yarabanci, domin daga kudu aka kawo da yawa cikin ma'aikatan farko.

Linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da mawus, ɗan baya-bayan nan ne. Douglas Engelbart da Bill English suka haɗa na farko da katako a Kalifoniya a 1964, aka nuna shi ga jama'a ranar 9 ga Disamba, 1968, ya kuma shiga gidaje tare da Macintosh a 1984. Illarsa tana cikin sauƙinsa. Hannu yana kife, ƙasusuwan damtse biyu sun gitta juna, wuyan hannu ya ɗan tanƙwaro baya, manunin yatsa yana rataye a kan maɓalli yana jira. Babu nauyin da aka ɗauka, amma ƙananan tsokoki suna ɗaure tsawon sa'o'i ba su saki ba. Ga allon rubutu mai sashen lambobi a dama, wanda ke tura linzamin nesa, kafaɗa ta yi ta miƙo. A tsakiyar shekarun 1980 Ostareliya ta ga ambaliyar ƙorafin ciwon hannu daga masu aikin allon kwamfuta, aka yi ta jayayya har a kotuna kan ko ciwon na jiki ne ko na zuci. Tambayar nan ta mutanen gari, wai me ya ɗauka, can ma an yi ta, da lauyoyi.

A Bici da makamantanta akwai ƙarin dalili da littattafan Turai ba su san shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowane minti da janareta ke ci kuɗi ne, don haka mai shago ba ya ɗaga hannu sai ya kashe inji. In kuwa an kawo wuta, rige-rige ake yi da ita kafin a ɗauke. Teburin kuma kafinta ya yi shi da awon teburin cin abinci, kujerar roba ce mai ƙasa, sai gwiwar hannu ta faɗa ƙasa da tebur, wuyan hannu ya tokare da kaifin katako.

Gyaran yawancinsa ba ya cin ko kwabo. A ɗaga mazauni da matashi har gwiwar hannu ta zo daidai da saman tebur, tana kusa da haƙarƙari. In ƙafa ta yi lilo a sa mata bulo. A jawo linzamin kusa, a riƙe shi sako-sako, a motsa shi daga gwiwar hannu, wuyan hannu yana miƙe. A ƙara saurin kibiyar cikin saiti don tafiyar hannu ta ragu. Akwai linzami na tsaye da ake riƙewa kamar ana musafaha, jikan dabarar Martin ke nan, yana kuma yi wa wasu amfani. Komawa hagu ma yana taimakawa, muddin an tuna da magatakardan Ramazzini: in ba a rage aikin ba, ciwon ƙaura kawai zai yi.

Abin da ya fi rage aikin shi ne koyon gajerun hanyoyin allo na kwafa da liƙawa da adanawa da sauya taga. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta ba da misali ba da niyya ba: a 2017 ta tsara yadda ɗalibi zai amsa tambayoyi da maɓallai takwas kawai, don 'yan karkara da ba su taɓa riƙe linzami ba. Sannan hutu: minti ɗaya ko biyu kowane rabin sa'a, a saki hannu, a buɗe yatsu, a juya kafaɗa. Wani zai ce ai alwala da salla sun isa. Suna taimakawa ƙwarai, amma daga buɗe shago da safe zuwa azahar sa'o'i biyar ne.

Saura bambanci ɗaya da Hausa ke ɓoye mana, domin jijiya muke kiran igiyar tsoka da kuma wadda ke kai saƙon ji. Yawancin zugin linzami na tsoka ne da igiyoyinta, yakan lafa da hutu da gyaran zama. Amma a wuyan hannu akwai ƙaramin rami da igiyoyi tara ke ratsawa tare da jijiyar ji guda ɗaya, mai kula da babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe. In ta matsu, sai minjirya ta riƙa tada mutum da dare a waɗannan yatsun, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Daga baya kofi ya fara suɓucewa, tudun gindin babban yatsa ya rame. Ciwon suga da juna biyu da ƙiba da matsalar maƙoƙo sun fi kwamfuta kawo wannan, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini. Ƙwayoyin kashe zafi na kyamis ba sa buɗe ramin, yawan shansu kuma yana taɓa ciki da ƙoda. Da wuri, takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare da taimakon likitan gashi kan isa. In ta kai ga tiyata, ƙaramin aiki ne na tsaga murfin ramin, kuma Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa daga Bici. Jijiyar da ta daɗe a matse har tsoka ta rame ba lalle ta dawo yadda take ba, ko bayan an yi aikin.